Akwatin wutar gidanmu: gyara biyu, gobara ta kusa tashi, sannan muka canza

Sana'ata ƙanƙara ce da zoɓo da kunun aya. A cikin gida nake yi, yaran unguwa su shigo su saya, masu shago biyu kuma su aiko a cika musu kula. Duk mai irin wannan sana'a a Kano ta san azumi ne kakarmu, cinikinsa ne ke riƙe mu har bayan babbar sallah. Shi ya sa abin da ya same mu a ƙarshen Fabrairun 2025, saura 'yan kwanaki a ga wata, har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Gidan na surukina ne, Allah ya jiƙansa, tun zamanin Shagari ya gina shi. Akwatin wutar yana zaure, irin na da ne mai fiyus na tangaran, wanda ake zarowa a ɗaura masa siririyar waya a mayar. Layi uku ke shigo mana. Ɗaya na ɓangaren Hajiya, mahaifiyar maigida, ɗaya namu, na ukun kuma ɗakin da na jera firizoji. Lokacin da aka kafa akwatin nan, abin da ke gidan bai wuce ƙwai da fanka da rediyo ba. Mu kuma muka zo muka ɗora masa firiza biyu, dutsen guga, hita, injin jan ruwa, ba wanda ya taɓa tambayar ko zai iya ɗauka.

Tun cikin hunturu na fara jin wani wari a zaure, kamar an ƙona leda. In ka kasa kunne kusa da akwatin kana jin yana wani ƙara ƙasa-ƙasa. Maigida ba mazauni ba ne, aikinsa a Abuja yake, don haka ƙanina na sa ya kira mana wani yaro mai gyaran wuta a layinmu. Ya zo ya ɗaure kusoshi, ya naɗa salatif, ya karɓi kuɗin da bai kai na mudun sukari ba. Bayan mako biyu fiyus ya ƙone, ya dawo ya sake ɗaurawa, ya ce wannan karon ya sa mai ƙarfi, ba zai ƙara yankewa ba. Wallahi har godiya na yi masa.

Daren da abin ya faru, wajen ƙarfe ɗaya aka kawo wuta. Na tashi zan duba ƙanƙara sai na ga ƙwan tsakar gidan Hajiya ya yi wani haske fari fat, irin wanda ban taɓa gani ba, fankarta tana gudu kamar za ta tsinke daga silin. A ɗakin firiza kuwa ƙwan ya zama ja kamar garwashi. Kafin in gane abin da ake ciki na ji fau, ƙwan Hajiya ya fashe, sai na biyu. Talabijin ɗinta da ke jone ya fara hayaƙi. Na ruga zaure na tarar da murfin akwatin yana fitar da hayaƙi baƙi, wani abu yana ɗiga daga ƙasansa. Yara na barci a ɗakin da ke manne da zauren nan, bango ɗaya ne tsakani. Ihuna ne ya tashi maƙwabcinmu, ya zo da busasshen katako da filaya mai roba ya zare katawut ɗin waje gaba ɗaya. Na fito da yara tsakar gida, muka zauna a tabarma ni da Hajiya, ita tana ta salati, ni jikina yana rawa har aka kira assalatu. Ban manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba, yadda mutane suka kwana da dukiya suka wayi gari da toka. A daren nan abin da ke yawo a kaina ke nan.

Da safe aka yi lissafi: talabijin, fanka biyu, ƙwai shida, duk cajar da ke jone. Sabuwar firizata ta tsira saboda na jona ta ta cikin ɗan abin nan mai kare firji, shi ya yanke mata. Tsohuwar kuma dama a kashe take, sai azumi nake tayar da ita.

Nan gardama ta fara. Maigida a waya ya ce a kira yaron ya gyara wurin da ya ƙone, azumi ya ƙarato, ga kayan abinci ba a saya ba, ga ɗinkin yara. Ban ga laifinsa ba, kowa ya san abin da wayar wuta ta koma a kasuwa a lokacin. Amma ni da na ga hayaƙin da idona na ce a'a, a nemo wani ya duba tukuna. Maƙwabcin ne ya haɗa mu da wani dattijo-dattijo da ya yi masa wayarin shagonsa.

Zuwansa na farko shi ya sa nake wannan rubutu. Bai ce min komai ba sai da ya kwance murfin, ya haska, ya auna nan ya auna can. Sannan ya sa a kira ni. Ya ce, “Hajiya, matso ki gani da idonki, kada a ce miki an ce.” Ya zaro fiyus ɗin da yaron ya ɗaura. Ashe ba wayar fiyus ba ce, wayar soket ce mai kauri ya feɗe ya naɗa. Ya ce fiyus an yi shi ne don ya ƙone kafin gida ya ƙone, wannan kuwa ko bango zai kama da wuta ba zai yanke ba. Gyaran gangar Auzinawa aka yi min, ni kuma ina ta sa albarka.

Sai ya nuna min wani ɗan ƙarfe da baƙaƙen wayoyi suka taru a kai, ya narke ya zama kamar alewa. Ya ce wannan ita ce nutiral, hanyar da wuta ke bi ta koma. Kusarta ta daɗe da saki, tana zafi tana sanyi shekara da shekaru, warin da nake ji ke nan, har ta yanke. A gida mai layi uku, in nutiral ta yanke wuta ba ta ɗaukewa, sai ta nemi hanya ta cikin kayan ɗaya ɓangaren. Ɓangaren da ke da kaya masu nauyi wutarsa ta yi ƙasa, mai kaya kaɗan kuma tasa ta haura. Maimakon bolt 230 da kayan gida suka saba, sai ta doshi 400, wato ƙarfin da ke tsakanin layi da layi. Shi ya sa na Hajiya suka fashe nawa suka yi ja. A minti biyar ya fahimtar da ni abin da na kwana ina ɗauka aikin aljanu ne ko laifin masu kawo wuta.

Na tambaye shi kai tsaye, “Injiniya, tsakaninka da Allah, ba za a iya gyarawa ba?” Amsarsa ce ta sa na yarda da shi. Ya ce da kusa ce ta saki kawai, ko bireka ɗaya, wato makunnin da ke faɗuwa ya yanke wuta a madadin fiyus, ta lalace a akwati na zamani, ko kuɗin mota ba zai so ya karɓa ba, gyara ne na minti goma. Amma nan ƙarfen da kansa ya narke, robar wayoyin ta bushe tana farfashewa in an taɓa, babu wurin ƙara layi, kuma gidan gaba ɗaya babu wayar ƙasa, wadda ke kai wutar da ta zurare cikin ƙasa. Ya ce zai iya ɗaure min yau ta kama, amma ba zai sa hannunsa a aikin da ya san zai dawo ba. Ya kuma faɗi abin da ban zata daga bakin mai son sayar da aiki ba: wai ko sabuwar bireka ba ta kare irin abin da ya faru daren jiya, ita nauyi da haɗuwar waya take ji. Sai an ƙara wata na'ura mai nuna lamba, wadda ke yanke wuta in ta haura ko ta yi ƙasa, ta jira ta daidaita kafin ta mayar. Na sa shi ya maimaita wa maigida duk wannan a waya. Kafin su gama maigida ya ce a canza.

Kayan ma bai ce a ba shi kuɗi ya sayo ba. Ya rubuta a takarda, ya bi ƙanina France Road, ƙanina ya biya da hannunsa. Can ya ɗora masa bireka biyu a tafin hannu, suna ɗaya, fenti ɗaya, amma ɗaya ba nauyi kamar fanko. Ya ce jabun ke nan. Ya raba gidan kashi-kashi, fitilu da waya mai kaurin 1.5, soket da mai kaurin 2.5, injin ruwa da firizoji kowanne da birekarsa. Ya haƙa rami a bayan zaure ya kafa sandar jan ƙarfe ta wayar ƙasa, aka zuba gawayi da gishiri. Kowace bireka ya manna mata takarda da Hausa: ɗakin Hajiya, kicin, firiza. Hajiya da ba ta taɓa kusantar akwatin ba, yanzu ita ke nuna wa baƙi. A ranar da ya gama, duk wadda ta shigo sayen ƙanƙara sai na yi mata tallarsa.

Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Kuma tunda na fara, bari in faɗi duka. Ya ce kwana ɗaya, ya yi uku, kwana biyu muna cikin duhu da jarirai a gida. Takardar kayan da ya ce ta cika, sau biyu yana ƙara mata, waya ba ta isa ba, bututu bai isa ba, har sai da na taɓa kuɗin da na ware na sukari da aya. Ya fasa bango ya bar shi haka, ya ce aikin magini ne, alhali bai faɗa tun farko ba. Yaronsa ya bar guntayen waya warwatse a zaure inda autana ke rarrafe, ni na bi na tsince. Waɗannan duk na haɗiye.

Wanda ban haɗiye ba shi ne na daren 2 ga azumi. Na cika firiza biyun maƙil, na tayar da tsohuwar, wuta ta zo lafiya lau. Can cikin dare sai ɗif, gidan duka ya ɗauke, maƙwabta kuma da wutarsu. Na je na ɗaga babbar birekar, ta yi awa ɗaya ta sake faɗuwa. Sau huɗu kafin sahur. Na kira shi bai ɗauka ba. Da safe na kira, a kashe. Washegari ya ɗauka ya ce yana wani aiki a Wudil, in yi haƙuri. Kwana biyu! Ƙanƙara ta zama ruwa, kunun aya ya yi tsami na zubar da kusan bokiti biyu, mai shago ɗaya ya koma wurin wata, har yau bai dawo ba. Na zauna na yi kuka, na ce tsohon akwatin da duk tsufansa bai taɓa hana ni ciniki ba, na kashe kuɗi na sayo wa kaina wahala. Ƙanina har ya ce a kira yaron nan ya cire abin da ke faɗuwar ya haɗa kai tsaye. Saura kaɗan in yarda.

Da ya zo ban ko amsa gaisuwarsa da kyau ba. Ya kashe birekokin duka, ya riƙa ɗagawa ɗaya-ɗaya, da ya zo kan tsohuwar firiza ya tsaya. Ya ja ta daga bango ya kwance bayanta. Ɓera ya ci robar wata waya, tana gogar jikin ƙarfen, ga laima a wurin. Ya ɗago ya ce, “Hajiya, wannan firizar ba ta jan ku?” Na yi shiru. Shekara biyu tana jan mu. In hannu da ruwa ka taɓa murfin sai ka ji zirr har gwiwar hannu. Mun saba, na shimfiɗa buhu a gabanta, na hana yara buɗewa ba silifas. Ya ce abin da ke faɗuwar nan aikinsa ke nan, in wuta ta fara zurarewa ta jikin ƙarfe ko ta jikin mutum, da ta kai miliam 30, wato 'yar wuta kaɗan, yake yankewa. Na tuna 'yata mai shekara 9 da ke ɗebo wa masu saye ƙanƙara, ƙafa ba takalmi, ƙasa jiƙe. Sai na ji duk fushin ya zube, wani tsoro ya maye gurbinsa.

Duk da haka ban wanke shi ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Ya ga firizar nan a ɗaki, ya san sana'ata, me ya hana ya ce a kunna komai a gwada kafin ya tafi? Me ya sa ya rataya gidan duka a kan na'ura ɗaya, laifin firiza ya kashe har fitilar Hajiya? Bai yi musu ba. Ya ce gaskiya ne, ya kamata ya ware. Ya sayo wata da kuɗinsa ya sa wa ɗakin firiza shi kaɗai, ya canza wayar da ɓeran ya ci, bai karɓi ko sisi ba. Asarar kunun dai ba wanda ya biya ni.

Matan da ke tambayata ko su kira shi, ina ba su lambarsa, amma ina cewa su rubuta kwanakin aiki da cikakken kuɗin kaya tun kafin ya taɓa bango, su tambaye shi wa zai yi shafe, kada kuma su biya cikon kuɗi sai an kunna duk abin da ke gidan a gabansa, har wanda aka daɗe ba a kunna ba. Zauren ya daina wari, ƙarar nan ta tafi, firizar ta daina ja, na ɗauke buhun. Bangon da ya fasa kuwa yana nan yadda ya bar shi, maigida ya ce sai ya zo hutu za a nemo magini.