Hawan Tubkal cikin hunturu: abin da muka biya da abin da muka samu

Tun da na sa hotunan dusar ƙanƙara a WhatsApp mutanen Tawa suka hana ni sakat da tambaya: ina ne nan, nawa aka kashe, kuma wanda ya tashi cikin zafin Adar zai iya? Gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Wurin dai Maroko ne, dutsen Tubkal cikin duwatsun Atlas da ke kudu da Marakesh. Tafiyar ta ƙungiya ce, wani ƙaramin kamfanin yawon duwatsu ya shirya mana ita a watan Janairu. Ba zan kama sunansa ba, domin da yabo da ƙorafi duk akwai a bakina, kuma irinsa suna da yawa a Marakesh da Imlil, kusan tsarinsu ɗaya.

Mu ƴan Nijar ba mu da yawa, akasari tsofaffin ɗaliban Maroko ne da suka daɗe suna hangen farin dutsen nan daga nesa ba su taɓa taka shi ba. Kamfanin ya haɗa mu da wasu Turawa don ayari ya cika. Hanya kuwa sananniya ce: mota daga Tawa ta Konni da Dogondutsi da Doso zuwa Yamai, jirgin sama zuwa Kasabalanka, jirgin ƙasa kamar awa 3 zuwa Marakesh. Daga nan motar kamfani ta kwashe mu ta Asni zuwa ƙauyen Imlil, kilomita 60 da ɗoriya. A hanya mun ga gidajen da girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023 ta rusa, wadda ta kashe mutane kusan 3,000, wasu an sake gina su da siminti kusa da kufan na da. Kuɗin da muka ba kamfanin bai kai rabin na tikitin jirgin sama ba, kuma ya haɗa da jagora, abinci, makwanci da ɗaukar kaya.

Abu na farko da zan ja kunnen duk ɗan Nijar a kansa shi ne tsarin kwana biyu da suka fi tallatawa. Yau ka bar Marakesh, ka kwana a masaukin dutse, gobe ka hau ƙololuwa ka sauko. Yana da araha, amma a duba lissafin. Yamai tana kan mita 200 da ƴan kai daga saman teku, Tawa ba ta kai 400 ba, dutsen da ya fi kowanne tsawo a ƙasarmu, can Bagzan cikin Ayar, mita 2,022 ne. Masaukin da ake kwana kafin hawan Tubkal yana kan mita 3,207, ƙololuwar kuma 4,167, babu wanda ya kai ta a duk arewacin Afirka. A can sama, iskar da mutum ke shaƙa ba ta ba shi fiye da wajen kashi 60 cikin 100 na abin da yake samu a bakin teku. Jiki yana sabawa, amma sai an ba shi kwanaki. Don haka muka ƙara kuɗi muka ɗauki tsari mai tsawo, wanda ke fara zagayawa da mutum kwarin Azzaden. A ganina wannan ƙarin shi ne kuɗin da ya fi kowanne amfani a duk tafiyar.

Kuma ko ba don sabon jiki ba, Azzaden ita ce ta fi zauna mini a rai. Daga Imlil, wajen mita 1,800, ana hawa ta cikin itatuwa masu ganye kamar allura zuwa mashigar Tizi Mzik, kusan mita 2,500. Daga can sai a gangara cikin dajin ar'ar, wasu tsofaffin itatuwa gajeru masu murɗaɗɗen gindi waɗanda ganyensu ba ya kaɗewa ko da hunturu. Dusar ta kwanta a rassansu, ƙarƙashinsu jar ƙasa tana leƙowa, ƙanshin itacen yana tashi idan rana ta taɓa shi. Jagoranmu ya ce wasunsu sun shekara ɗaruruwa, girmansu a hankali yake, kuma awaki da masu neman itacen girki suna cin su fiye da yadda suke tofowa. Wannan maganar ta taɓa ni, don na san abin da gatari ya yi wa dazuzzukan Adar, na kuma san wahalar da aka sha wajen dashen itatuwa a Keita, nan yankin Tawa, tun 1984 kafin ƙasa ta soma farfaɗowa. Can ƙasa ƙauyuka ne na dutse da laka manne da gangare, gonakinsu hawa-hawa, ruwa yana gudu ƙarƙashin ƙanƙara ana jin sautinsa ba a ganinsa. Mun kwana a gidan baƙi a Tizi Usem, aka kawo mana miyar harira da tajin, wato girkinsu na cikin kasko, da gurasa mai zafi. Shayinsu bai kai namu ɗaci ba, na'ana'a da sukari sun fi yawa, amma cikin sanyin nan babu wanda ya mayar da kofi.

Tafiya cikin sabuwar dusa daidai take da hawan tudun rairayi: ka sa ƙafa ta nutse, ka ja ta da ƙarfi, rabin takunka ya koma baya. Amfanin ayari ke nan. Na gaba ne ke fasa hanya, na baya su sa ƙafa a sawunsa, in ya gaji wani ya karɓe shi. Mutum ɗaya ba zai kai ko'ina ba.

Jagoran shi ne ƙashin bayan wannan hidima, kuma namu ya cika jagora. Ɗan kwarin ne, harshen Tashelhit ya tashi da shi, yana jin Larabci da Faransanci, kuma ya nuna mana katinsa na hukuma tun ba mu tambaya ba. Tun bayan kisan wasu mata biyu ƴan yawon buɗe ido, ƴar Danmak da ƴar Norwe, kusa da Imlil a Disamban 2018, ba a barin baƙo ya hau Tubkal ba jagora, kuma akwai shingen jami'an tsaro inda ake rubuta fasfo. Kada ka bar naka a otal. A takardar da kamfani ya aiko mana, an rubuta za mu tsallaka daga Azzaden kai tsaye zuwa masaukin Tubkal ta mashigar Agelzim, wadda ta haura mita 3,500. Da safe jagoran ya fita ya dubi sama, ya tona dusar da sandarsa, ya dawo ya ce ba za a bi ta can ba: sabuwar dusa ta kwanta kan tsohuwa mai santsi, tana iya zamewa gaba ɗaya ta binne ayari. Biyu cikin Turawan suka ɓata rai, suka ce sun biya kuɗin wannan hanya. Bai ɗaga murya ba, bai kuma sauya magana ba. Muka koma ta Imlil muka bi hanyar kowa. Na girmama mutumin nan tun daga ranar, don na ga kuɗin baƙo ba ya juya shi.

Hanyar kowa tana bi ta ƙauyen Armed zuwa Sidi Shamharush, wajen mita 2,300, inda wani ƙaton dutse da aka shafe da farar ƙasa yake. Mutanen ƙasar na zuwa ziyara da neman waraka, wasu da dabbar yanka, suna cewa wurin sarkin aljanu ne. Mu dai lemo muka sha muka wuce. Alfadarai ne ke ɗaukar kaya har inda dusa ta yi zurfi, daga nan sai ƴan dako su goya. Daga Imlil zuwa masauki awa 5 zuwa 6 ne ga mai tafiya a natse.

Masaukin kam kada a sa rai da daɗi. Gadaje ne hawa biyu a jere, mutane da yawa a ɗaki guda, wuta a zauren cin abinci kawai. Ruwan zafi na wanka sai ka biya, kuma ba kullum ake samunsa ba. Barci ba ya zuwa sosai a wannan tsayin. A daren ne babbanmu, wani Alhaji ɗan kasuwa da ya fi mu duka ƙarfin tafiya a kwanakin farko, ya kama ciwon kai da amai. Ya so ya daure. Ya ce mini, "Ƙanena, ba ni ƙwaya biyu in sha, da asuba zan ware." Jagoran ya sa shi ya taka a miƙe cikin zaure, ya yi masa ƴan tambayoyi, sannan ya ce, "Alhaji, ba ni da maganin da ya wuce sauka." Gari na wayewa ya haɗa shi da mataimakinsa suka gangara, kafin su kai Armed ya warware. Da kamfanin bai ba mu jagora biyu ba, da sai ayarin duka ya juya. Wannan a tambaya kafin a biya.

Mu kuma muka fita cikin duhu da fitilun goshi. A lokacin agogon Maroko daidai yake da namu, amma a Janairu rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8, saboda haka sallar asuba a kan gangare ta same mu. Jagoran ya san wani fegi da iska ba ta bugu, muka yi taimama a kan dutse muka yi salla tare da shi, Turawan suka jira ba ƙorafi. Batun salla da abinci hankalina kwance yake a duk tafiyar, kuma wannan babban dalili ne da zai sa ɗan Nijar ya fara da Maroko kafin ya yi tunanin duwatsun Turai. Hawan mita 960 ne daga masauki zuwa ƙololuwa, da ƙarafa masu haƙora ɗaure a ƙasan takalmi, waɗanda suke ce wa kirampon, da ƙaramar diga a hannu don tokarawa in an zame. Kusa da sama sai ka yi taku goma ka tsaya neman numfashi. Ruwan gorana ya daskare a baki. A ƙololuwar akwai wata dala ta ƙarfe, daga kudu ana hangen dutsen Sirwa da busasshiyar ƙasar da ke miƙewa zuwa Sahara. Na yi hamdala, na yi wa iyayena addu'a, iska ba ta bar mu mun daɗe ba.

Yanzu ga inda kamfanin ya gaza, kuma duk a ofis ne, ba a dutse ba.

Babban ƙorafina shi ne takardar lafiya. Ta tambayi ciwon zuciya, ta tambayi asma, ba ta ce uffan ba kan sikila, wadda muke ce wa emasi. An rubuta ta ne da Bature a zuciya. Mai sikila ƙarancin iska na iya tayar masa da ciwo mai tsanani, kuma har mai rabin jinin, wanda ake ce wa AS, da yake zaune lafiya bai ma san yana da shi ba, saifarsa na iya toshewa a irin wannan tsayi. A ƙasarmu masu AS suna da yawa ƙwarai. Wani ɗan'uwana da ya so bin mu, likita ne ya hana shi bayan awon jini a Yamai, inda akwai cibiyar ƙasa ta musamman kan wannan cuta. Da takardar kamfanin ya bi, da sun karɓi kuɗinsa sun hau da shi. Na gaya wa mai kamfanin baki da baki, ya ce bai taɓa jin haka ba, zai ƙara. Ina roƙon duk mai niyya, don Allah, ya yi awon jini kafin ya sayi tikiti.

Na biyu kayan haya. An ce mana komai akwai a Imlil, kuma akwai, amma kuɗinsa daban ne, ana biya kowace rana, ba a kuma faɗa mana haka a fili ba sai da muka iso. Takalman da suka rage wa masu manyan ƙafa sun tsufa, na ɗaya daga cikinmu yana shan ruwa. Rigunan sanyi da muka tsinta wurin ƴan bosho a Yamai sun yi aiki sosai, in dai an sa su hawa-hawa, kuma ba auduga ce a jikin fata ba, don auduga in ta sha gumi sanyi take riƙewa. Takalmi da safar hannu da baƙin tabarau kuwa kada a yi musu rowa. Hasken rana a kan dusa yana ƙona ido, baƙar fata ba ta kare shi. Man kaɗe ya taimaki leɓɓanmu.

Na uku, haɗa ayari ba tare da duba ƙarfin mutane ba. Wasu cikin Turawan sun saba hawan duwatsun Alp na Turai, mu kuwa ranar muka fara ɗaura kirampon. Darasin da aka ba mu a bakin masauki bai wuce rabin awa ba, ya kamata a ware masa yamma guda. Jagoran ne ya rufa asirin kamfanin, ya sa mafi rauni a bayansa ya ce da takunsa za a tafi.

In za a ba ni wannan jagoran, zan sake bin kamfanin, amma sai an rubuta mini a takarda yawan jagorori, da kuɗin hayar kaya, da abin da za a yi in an sauya hanya. Wanda kuma ba ya son ƙololuwa, ko yake tare da iyali, Azzaden kaɗai ta isa a biya mata kuɗi.

Sai ƴan dako. Samari ne da dattawa ƴan ƙauyukan nan, wasu daga gidajen da girgizar ƙasa ta taɓa, suna goya jakunkunanmu da tukunyar gas da buhun gurasa cikin dusar da ta kai gwiwa, takalman wasunsu ba su kai namu na haya ba. Na tambayi ofis nawa ne rabonsu cikin abin da muka biya, aka yi mini kwana-kwana. Mun haɗa kuɗi mun ba kowannensu a hannunsa a Imlil, da mai alfadari da mai dafa abinci, ba ta hannun kamfani ba. Ka sa wannan cikin lissafinka tun daga gida, ka canji dirhami ƙanana a Marakesh, don in ka bar Imlil ba inda za ka ciri kuɗi.