Eya furaya a gidan mutum huɗu, ga yadda na same ta

Tunda ana ta tambayata a kan eya furayar nan, wai ta ci kuɗinta ko dai yayi ne kawai, bari in rubuta gaba ɗaya kowa ta karanta in huta. Mu huɗu ne a gida, ni da maigida da yara biyu, tawa mai lita 4 ce, wat 1500, irin mai kwandon nan da ake jawowa ta gaba. Ba zan kama sunan kamfani ba, don ba talla aka sa ni ba, kuma akwai ƙorafin da zan yi a ƙasa.

Abu na farko da ya kamata ki sani kafin ki cire kuɗinki, abin nan fa ba suya yake ba, gashi yake. Ƙaramin oben ne da aka sa wa ƙarfen zafi a sama da fanka mai ƙarfi, fankar ke kaɗa iska mai zafi ta zagaye abincin ta ko'ina, har ta ƙasan kwando saboda hujojin da ke jiki. Zafin yana kaiwa digiri 200 a yawancinsu. Da yake cikin ƙarami ne sai ya yi zafi nan da nan, jikin abincin ta waje ya bushe ya yi ja ya yi ƙaras-ƙaras, shi ya sa ido ke ganin kamar soyayye. Ba ma wani tsohon abu ba ne, a 2010 kamfanin Philips ya fara nuna irinta a bajekolin kayan lantarki na birnin Berlin, kuma wani ɗan ƙasar Holan mai suna Fred van der Weij ne ya ƙirƙiro ta, daga baya kowane kamfani ya fito da tasa.

Inda ta burge ni sosai shi ne mai. Da in zan soya dankalin turawa sai na cika kasko, yanzu cokali ɗaya nake zubawa a roba in juya dankalin a ciki da hannu har ko'ina ya samu, shikenan. Kuma ki lissafa, babban cokali ɗaya na mai kusan kalori 120 ne, ko wane irin mai ne kuwa, har man zaitun ɗin da ake ta yabo, don kowane giram na maiƙo kalori 9 yake ɗauke da shi. To ki duba yawan wanda dankali ke shanyewa idan ya yi iyo a kasko. Galan ɗin mai da ke ƙare mana da wuri yanzu sai ya daɗe ina ganinsa, ga babu zancen ajiye tsohon mai ana ta maimaita suya da shi har ya yi baƙi yana ƙauri, ga kicin ba ya yin maiƙo a bango da jikin kabad.

Ga yadda nake dankalin, don nan ne mutane da yawa ke cewa nasu ya fito a bushe ko ya yi laɓo-laɓo. In na yanka sai in jiƙa a ruwan sanyi kamar minti 20 zuwa 30, za ki ga ruwan ya yi fari, sitacin ne ke fita. Sai in tsane, in shimfiɗa a tawul mai tsafta in goge shi tas, wannan gogewar ita ce sirrin wallahi, in da ruwa a jiki turara zai yi. Sai mai, sai digiri 180 na kamar minti 20, a tsakiya in jawo kwandon in girgiza. Gishiri sai ya fito nake barbaɗawa. Jiƙawar nan ma tana da wani amfani, tun 2002 masu bincike a ƙasar Suwidin suka gano wani sinadari da ake kira akrilamaid yana samuwa a abinci mai sitaci idan ya sha zafi sosai, kuma ana zargin yawansa na da alaƙa da cutar daji, shi ya sa hukumomin abinci ke cewa a jiƙa dankali kafin suya kuma a sauke shi yana ruwan zinare, kar a bari ya yi duhu. Eya furaya ba ta kuɓutar da ke daga wannan ba, in kin bar shi ya ƙone ɗaya ne da na kasko.

Kaza kam ba a magana. Cinya da fukafuki ko ɗigon mai ba na sawa, kitsen fatar ya isa, in kin jawo kwandon za ki ga man da ya tsiyaye ya taru a ƙasa, ki ce yanzu duk wannan da cikinmu zai tafi? Cinya tana ɗaukar wajen minti 25, ana juyawa sau ɗaya. Amma a kula, iska mai zafi tana saurin sa baya ya yi kyau alhali kusa da ƙashi da sauran jini, don haka in kina da ɗan ma'aunin zafin nan na nama ki soka, ya kai digiri 74 a ciki, in babu ki tsaga ki duba. Ƙirjin kaza shi ne mai wuyar sha'ani, ki ƙara minti biyu kawai ya zama sai an haɗa da ruwa ake haɗiyewa. Kifi minti 10 zuwa 12 ya yi, sai dai a shafa wa kwandon mai kaɗan, in ba haka ba fatar ta manne ki ɗago rabi ki bar rabi.

Amma gaskiya ni inda ta fi canza mana gida ba abincin rana ko na dare ba ne, kayan ƙwalam ne. Yaran nan in sun dawo makaranta da yunwa suke shigowa, kuma abin da hannu ya fi saurin kaiwa shi ne biskit da cips na leda da lemon kwalba. Yanzu kafin su cire yunifom su wanke hannu na yanka dankali mai zaƙi ko karas dogo-dogo na jefa, ko ayaba in tsaga in barbaɗa kirfa, minti takwas ta yi laushi zaƙinta ya fito ba tare da sukari ba. Ƙaramar da ba ta yarda kayan lambu su taɓa bakinta, yanzu tsaye take a bakin kanta tana tsintar gasasshen karas tana hura yatsu. Gyaɗa ma ina gasawa a digiri 160, ta fi ta leda da aka cika wa gishiri, sai dai yaron da bai kai shekara biyar ba kar a ba shi ƙwayarta haka, tana iya shaƙe shi, a daka tukunna. Hukumar Lafiya ta Duniya tana cewa babba ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itace a rana, gishiri kuma kar ya kai giram 5, wato kusan ƙaramin cokali ɗaya duk yini har da wanda ke cikin burodi da kayan gwangwani, ni dai ban ce muna cikawa kullum ba amma mun fi da kusa.

To ga inda ba na yarda da masu talla. Wai duk abin da ya shiga eya furaya ya zama abincin lafiya, ina! In kin sayo daskararren cips ko sosej ko kazar nan da aka riga aka lulluɓe da garin burodi, yawancinsu an fara soya su tun a masana'anta, gishirinsu da maiƙonsu na nan ba inda suka je. Kuma sauƙin nan tarko ne, da sai ki yi tunanin wahalar ɗora kasko da wanke-wanke ki fasa, yanzu danna maɓalli kawai, sai ki ga ana cin cips kusan kullum. Maigida ma da ba ya shiga kicin ya iya ta, ƙarfe sha ɗaya na dare sai in ji fanka ta tashi.

Sai girma. Lita 4 da aka rubuta a kwali girman ramin ne, ba yawan abincin da zai gasu da kyau ba, don in kin cika kwando iska ba ta ratsawa, na sama ya ƙone na ƙasa ya tsaya ɗanye. Mu huɗu ma in kaza da dankali ne sai na yi zubi biyu, kafin na biyu ya fito na farko ya fara hucewa. Gidan da ya wuce mutum biyar ko mai yawan baƙi, ko dai ki nemi babba mai kwando biyu ko ki zauna da obenki. Duk wani abu mai ƙullu ruwa-ruwa kuma manta da shi, zubewa yake ta hujojin. Ganye mara nauyi irin alayyahu fanka ke ɗagawa ta manna a ƙarfen zafi, haka ma takardar gashi in kin sa ta ba abinci a kai, tana iya kamawa da wuta.

Ƙorafina babba shi ne rufin nan baƙi na jikin kwando da ke hana mannewa. Nawa ya fara ɓarewa a gefe-gefe alhali ban taɓa sa masa soson ƙarfe ba, kuma da na nemi kwandon canji sai aka ce ba a sayar da shi daban. Don haka dan Allah kafin ki biya ki tambaya ko ana samun kwandonsa. Tana kuma da ƙara, kamar an kunna na'urar busar da gashi a kicin, kuma farkon zuwanta ta yi warin roba sai da na kunna ta ba komai a ciki ya fita. Wankin kwando ba wuya in an jiƙa da ruwan ɗumi da sabulu, amma ƙarfen sama mutane ke mantawa, maiƙo yana fantsama can, shi ne ranar nan za ki ga hayaƙi ki rasa daga ina. A cire ta daga wuta, ta huce, a kifa ta a goge.

Wuta kuwa, wat 1500 na minti 20 rabin yunit ne, bai kai abin da babban oben zai sha ba. Sai dai tana ja da ƙarfi lokaci ɗaya, ki sa ta kai tsaye a soket na bango, kar ki haɗa ta da firji da butar lantarki a kan ƙaramar waya ɗaya, kuma ki bar mata fili a baya kamar santimita 10 don iskar da take fitarwa zafi ne da ita sosai.

In wannan ta mutu zan sake saye, amma mai lita 6 zan nema, kuma mai kwandon da ake samun na canji. Wadda ta tambaye ni ko tana ɗumama abincin jiya, eh tana yi, kaza da dankali ma sun fi dawowa daidai a cikinta fiye da maikurowef, minti huɗu a digiri 170 ya isa, shinkafa da miya dai sai tukunya.