Naar Nederland: abin da na gani bayan na yi karatun Holanci da shi

Galibi wadda za ta bi mijinta Holan daga Najeriya sai ta fara cin jarrabawar harshe a ofishin jakadancinsu, a matakin A1, wato matakin farko na koyon harshe. Kashi uku ce: karatu, magana, da sanin zamantakewar ƙasar. Kayan karatun da gwamnatinsu ta tanada domin ita shi ne Naar Nederland, kuma da shi na shirya.

Ɓangaren zamantakewa ya fi komai sauƙi. Akwai fim, akwai littafin hotuna mai tambayoyi 100, daga cikinsu ake ɗauko 30 ranar jarrabawa. Wanda ya yi allo ya san yadda ake hadda, wannan ba zai ba shi wuya ba. Fim ɗin kuwa ba ya ɓoye komai na rayuwarsu, gara ki fara kallonsa ke kaɗai kafin yara su zagaye ki.

Darussan harshen ne suka ci min lokaci, kuma sun cancanta. Ana karanta jimla, ki saurara, ki maimaita da ƙarfi har bakinki ya saba. Harafin g nasu daga maƙogwaro yake fita, kusa da "kha" ta Larabci, don haka mu da muka yi Islamiyya mun samu rangwame. Lissafi ne ya juya min kai: 21 a wurinsu "ɗaya da ashirin" ne, sai a faɗi farashi ki rubuta 54 alhali 45 ake nufi. Ga kuma de da het, ƙananan kalmomin da ake sa wa a gaban suna kamar "the" na Turanci, waɗanda dole ki haddace kowane suna tare da nasa.

Kafin wannan na daɗe a kan wata manhajar waya mai ba da maki kullum. Maki sun taru, amma da maigida ya yi min tambaya a waya da Holanci sai na yi tsit. Danna amsa daban, buɗe baki daban, jarrabawar magana kuwa a gaban kwamfuta ake yinta, ki ji tambaya ki amsa da muryarki.

Naar Nederland iyakarsa jarrabawa, ba zai kai ki hirar kasuwa ba. Don kunne ya buɗe sai na haɗa da Jeugdjournaal, labaran yara na tashar NOS ta Holan. Jimlolinsu gajeru ne, hoto kuma yana nuna miki abin da ake faɗi. Makonnin farko sunayen garuruwa kawai nake tsinta. Yanzu ina gane rahoton yanayi, wanda galibi ruwa da iska ne.