Faifan clàrsach ɗin da na sayo a Gilasgo

A watan Janairu, lokacin bikin kiɗa na Celtic Connections a birnin Gilasgo na Sikotilan, wata abokiyar karatuna ta ja ni kallon wata makaɗiya. Na je ne don kara kawai, amma sai ga ni na fito da faifanta a hannu, fam 12. Wata uku ke nan ina jin sa.

Clàrsach suke kiran abin kiɗan: katako ne mai kusurwa uku da ake jinginawa a kafaɗa, tsirkiyarsa ta kai talatin. Nata tsirkiyar ƙarfe ce, da farce take kaɗawa, amon ya yi ta yawo kamar ƙararrawa har sai ta ɗora yatsa ta kashe shi.

Tsoffin waƙoƙin harshen Gelik ta ɗauko, na mutanen tsaunukan Sikotilan da suka bar gida, musamman waɗanda masu ƙasa suka tasa tsakanin wajen 1750 da 1860 don a saki tumaki a gonakinsu. Kiɗan da ya fi kama ni shi ne wanda ta ɗora a kan jirgin ruwan Hector, da ya kwashi kusan mutum 200 daga Loch Broom zuwa Pictou a Kanada a 1773, agana da atuni suka kashe 18 a hanya. A hankali take tafiya da shi, tana maimaita gaɓa ɗaya, kowane zagaye sautin na ƙara nisa. Ranar farko tukunyar shinkafata ce ta ƙone ina tsaye. Ko kalma ɗaya ta Gelik ba na ji, amma kewar gida ai na san ta.

Inda ban gamsu ba shi ne waƙoƙin da mata ke yi suna bugun sabon saƙin ulu a kan tebur don ya yi kauri. Kamar waƙar daka suke a wajenmu, wata ta bayar, saura su amsa, bugun hannu na riƙe da kiɗan. Ta cire muryoyin, ta cire bugun, ya zama luguden da babu taɓarya. Daɗi akwai, amma lami.

Takardar cikin faifan kuma, wallahi sai da na nemo tabarau, ga fassarar baitoci biyu kacal. Ƙanena ya ce in turo masa. Na ce ya fara da na jirgin, da daddare, in gida ya yi tsit.