Gidan burodin unguwarmu: taurari 4 cikin 5, kuma ga dalilina

Salamu alaikum jama'a. Na daɗe ina so in rubuta wani abu kan gidan burodin da muke saye a nan Damagaram, wajen Zango ba nisa da Kasuwar Dole. Ba zan kama sunansa ba don akwai inda zan kushe, kuma akwai maganar cikin gida a ciki, amma duk mai bin wajen bayan sallar asuba ya san ƙamshin da nake nufi.

Burodin dai tukuna. Dogon nan nasu wallahi ban ga na biyunsa a garin nan ba, ɓawon in ka matsa sai ka ji ya yi ƙara, cikin kuma laushi ba tsami ba warin yis, in ka saya da safe ka rufe shi da kyau har la'asar bai zama sanda ba. Ni gwajina ɗaya ne, in tsoma a shayi, in ya sha ya tsaya bai narke ya koma kunu ba to an sa fulawa ta gaskiya, nasu yana tsayawa. Gato ɗinsu kam ban ba kowa shawara ba, sukari ya yi yawa kuma a bushe yake, yara ne kawai ke cinye shi. Sai maganar canji, kullum babu canji, a miƙo maka minti biyu a madadin kuɗinka ba tare da an tambaye ka ba. Layi kuma ranar Alhamis da kasuwa ke ci sai ka yi haƙuri, masu shayi da ke zuwa sari a kan kabu-kabu su ake fara sallama ko da kai ka riga su zuwa, wannan abin yana ci mini rai har gobe.

To mi ya sa duk da haka na ba su 4? Saboda abin da na gani da idona a 2023.

Kowa ya tuna, juyin mulki ranar 26 ga Yuli, kwana huɗu bayan nan CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ta ƙaƙaba takunkumi, iyaka da Najeriya a rufe, ta Benin a rufe, farkon Agusta kuma Najeriya ta yanke wutar da take turo mana. Kayan da ke shigowa ta Kwatano suka tsaya, sai an zagaya ta Lome a ratso Burkina kafin su iso Yamai balle su kawo nan, kuma fulawa na cikin kayan nan. Mai gidan burodi ga buhu ya yi tsada, ga injin kwaɓi sai da gurup, wato janareta, gurup sai da gazuwal. A lokacin wurare da yawa burodinsu ya rame, kuɗin na nan yadda yake amma in ka ɗauka iska ce kawai a hannunka, ka sayi biyu yara uku ba su ƙoshi ba. Wannan gidan ba su yi haka ba. Sun ƙara kuɗi kaɗan, suka rubuta a allo a bakin ƙofa da alli, nauyin burodi kuwa bai ragu ba, har sikeli suka ajiye a kan kanta wanda ke shakka ya auna. Kuma yaran da ke kwana gaban tanderu ba wanda aka sallama, fuskokin da na sani kafin rikicin su ne dai har yau.

Yadda aka yi suka iya, na sani ne don goggona na da hannun jari a wurin. Mijinta marigayi na cikin mutum biyar da suka haɗa kuɗi aka buɗe gidan, da ya rasu kasonsa ya dawo wurinta da 'ya'yanta, kuma ƙarshen kowace shekara ake zama a yi lissafi a raba riba. Da wannan rabon take sayen hatsin shekara, da shi take biyan kuɗin lakkol. Shi kuma jaran ɗin wurin, wato mai tafiyar da gidan, bayan albashinsa akwai firim, wato tukuici, da aka rubuta masa a yarjejeniya duk shekarar da aka ci riba.

Disamba 2023 ni na raka ta zaman saboda ni ke karanta mata takardu. A takarda akwai riba, ba mai yawa ba, ta watannin farko kafin abu ya lalace. Jaran ya ce shawararsa kar a raba ko dala, a bar kuɗin a sayi fulawa da gazuwal a biya ma'aikata, don ba wanda ya san ranar da za a buɗe iyaka. Wani daga cikin masu jarin ya taso masa, ya ce shi kuɗinsa ya zuba ba sadaka ya zo yi ba, a rage girman burodi kamar yadda kowa ke yi, a rage yara uku, a ba kowa haƙƙinsa. Sai jaran ya ce, kuma wannan maganar ban manta da ita ba, “Alhaji, ni na fara, firim ɗina na bana na yafe, ku rubuta. Ba zan karɓi tukuici a shekarar da nake roƙonku ku haƙura da naku ba.”

Goggo ta yi shiru tun farkon zaman, sai a nan ta ce wa jaran, “Alhaji, ni ban ƙi ba, amma ni da marayu mi za mu ci?”

Gaskiya a ranar raina ya ɓaci da shi. Na ga kamar shi mai albashi yana da sauƙin yin wa'azin haƙuri, ita kuwa ba ta da wani wata da za a biya ta. Ya ce, “Hajiya, naki daban ne, ba za mu bar ki haka ba.” Abin da aka tsayar shi ne duk wata a ba ta wani abu a matsayin rance ba ruwa, a cire daga rabonta na gaba, da burodin gida kullum safe. Bai kai abin da ta saba samu ba, sai da ta sayar da tunkiya biyu, kuɗin lakkol ɗin autanta ma ya makara. Ba zan ce ba ta sha wuya ba don ta sha.

Daga baya da na bi labarin yadda manyan kamfanonin duniya ke yi da wannan magana sai na ga ashe rigimarmu ce dai a babban faranti. Lokacin korona, a watan Maris na 2020, babban bankin Turai ya nemi bankuna su dakatar da rabon riba, na Ingila ma ya nemi manyan bankunan ƙasar su tsayar da rabo kuma kar su ba manyan ma'aikata firim na tsabar kuɗi. Bankin HSBC ya soke rabonsa, ƙananan masu jari a Hong Kong, da yawansu tsofaffi da suka dogara da kuɗin, suka yi ta kuka, su ne goggona na can. A Amurka kamfanonin jiragen sama da suka karɓi tallafin gwamnati an sa musu sharaɗin ba rabon riba, an kuma ƙayyade abin da shugabanni za su ɗauka. Ba haka kawai aka kawo sharaɗin ba, mutane ba su manta da AIG ba, kamfanin inshora da gwamnatin Amurka ta ceto da biliyoyin dala a 2008, sai ga shi a 2009 ya biya wasu ma'aikatansa firim na kusan dala miliyan 165, kuma a sashen da ya jefa kamfanin cikin rami. Dalar Amurka nake nufi fa, ba tamu ta sefa biyar ba.

Ni abin da na tsaya a kai, ba wai rabon riba ya haramta da zarar an shiga rikici ba. In kamfani lafiyarsa lau, ya biya ma'aikata, bai rage wa mai saye mudu ba, bai miƙa hannu ga gwamnati ba, to ya raba mana, masu jari ba ɓarayi ba ne, wasunsu zawarawa ne da 'yan fansho. Amma in sai an ramar da burodi ko an kori yaro mai mata da ɗa kafin kuɗin rabon ya fito, wannan ba riba ba ce, kuɗin wani ne aka canja wa suna. Wani malaminmu da na kai wa maganar ya ce ai ko a babin ƙirali haka yake, wanda aka ba dukiya ya juya ba shi da kaso sai uwar kuɗi ta dawo cikakka, riba garkuwar uwar kuɗi ce. To gidan da ba a san ko zai iya sayen fulawar wata mai zuwa ba, ina aka tabbatar uwar kuɗi ta tsira?

Kuma firim ɗin shugaba da rabon mai jari ba ɗaya ba ne a wurina, mutane na haɗa su a magana amma ni ban yarda ba. Shugaba na da albashi, in an hana shi firim tukunyarsa ba ta sauka daga wuta. Mai ƙaramin jari irin goggo in an hana ta an taɓa tuwon dare. Don haka in za a yi haƙuri, daga sama ya kamata ya faro, kuma a gidan nan daga sama ya faro, shi ya sa Alhajin nan da ya taso wa jaran ma daga ƙarshe ya sa hannu duk da yana gunaguni. Da jaran ya riƙe firim ɗinsa ya ce su su haƙura, wallahi da ni zan fara cewa goggo ta janye jarinta.

Tauraro ɗayan da na cire ba na layi da canji kaɗai ba ne. Shekaru suna cin riba suna rabewa tas, ba su taɓa ware wani asusu na ranar wuya ba, ba kuma rubutacciyar ƙa'ida kan yadda za a yi da ƙananan masu jari in rabo ya tsaya, da a ce jaran ɗin mai taurin zuciya ne da goggo ta tashi hannu rabbana. Bai kamata abincin marayu ya rataya a kan kirkin mutum ɗaya ba. Na faɗa masa haka ido da ido, na ce Baba wannan gyara ne da ke wuyanku, ya amsa cewa gaskiya ne, kuma bayan an ɗage takunkumi a Fabrairu 2024 sun fara ajiye wani kaso kafin rabo. Ƙarshen 2024 an raba, an cire rancen goggo, ta mayar da tunkiya ɗaya.

Wanda zai je, ya je tsakanin ƙarfe 6 da 7 na safe lokacin da gashi na biyu ke fitowa daga tanderu, masu sari sun ragu a lokacin. Ka riƙe canjinka a hannu, ka ɗauki dogon, ka bar musu gato ɗin. Sikelin nan ma har yanzu yana kan kanta, jiya na auna nawa.