Sikelin aljihu ko kwano mai gida uku?

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Kin tambaya wanne za ki saya don ki daidaita yawan abincin da kike ci in kina waje. Tsakanin biyun da kika ambata, ɗan sikelin awon abinci da kwano mai gida uku, ki sayi kwanon kawai.

Nawa na silba ne mai murfi, kullum yana jakata. Akwai wata mai abinci a bayan ofishinmu, Allah ya yi mata hannun kyauta, in ta zuba shinkafa da wake sai kin nemi farantin kin rasa. Ki ce ta rage, gani take kin raina girkinta. Ranar da na fara miƙa mata kwanon, dariya ta yi wai na koma 'yar firamare. Yanzu ko magana ba na yi, babban gidan ta cika shi da kwaɗon zogale ko kabeji, ƙarami ɗaya shinkafa, ɗayan kifi ko nama. Tsarin da ake koya wa masu ciwon suga ke nan a faranti mai faɗin inci 9: rabi ganye, kwata nama ko makamancinsa, kwata mai sitaci. Kofi ɗaya na dafaffiyar farar shinkafa wajen kalori 200 ne, su kuwa masu abinci ba sa tsayawa a nan. A gidan biki ma, tun kafin na sa cokali nake juye rabi a ciki na rufe, don in hira ta yi daɗi ba ki sanin kin share faranti. Tuwo ne dai ba ya zama a ciki da kyau, nan sai ki ce malmala ɗaya, a ƙara miya.

Sikelin kuma ina da shi, yana saman firij, sai ranar kwaɓin kek. Wa zai fito da sikeli gaban mutane a gidan abinci? Nauyi kaɗai yake faɗa, ba ya ganin man da aka antaya a dafa-duka.

Ki yi hattara da masu talla a Instagram, hoto daban, kaya daban. Wani "silbar" wanki kaɗan ya fara tsatsa. In na roba ne, duba gindinsa ki ga lamba 5 ko PP, shi ke jure zafi. Ki zuba ruwa, ki rufe, ki kife a gaban mai shagon kafin ki biya. In ya ce zai haɗa miki da shayin rage tumbi a farashi mai sauƙi, ki karɓi kwanonki ki bar masa shayinsa.