Manhajar YouVersion don nazarin adalci da riƙon amana

Ga ƙungiyar matasa ko zumuntar mata da ke son nazarin abin da Littafi Mai Tsarki ya koyar kan adalci da ƙarfin ƙasa, YouVersion, manhajar karanta Littafi Mai Tsarki a waya, ta isa, muddin an san inda take gazawa. Ikkilisiyar Life.Church ta Amurka ce ta fitar da ita a 2008, kyauta ce, kuma akwai fassarar Hausa a ciki.

Ka fara buɗe asusu, ka zaɓi Hausa, sannan ka sauke fassarar cikin waya tun kana da intanet. Wanda ya tsallake wannan zai je taro a ƙauye ya tarar da shafi ba ya buɗuwa.

Wurin binciken kalma shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta. Rubuta "adalci", nan take za ka samu Karin Magana 14:34, inda aka ce adalci ke ɗaukaka al'umma. To amma kalma kawai take nema, ba ta san labari ba. Dole ka buɗe 1 Sarakuna 21 da hannunka ka ga yadda Yezebel ta sa shaidun ƙarya suka jawo aka kashe Nabot don mijinta, Sarki Ahab, ya ci gonar inabin Nabot. Haka Nehemiya 5, inda Nehemiya ya yi shekara 12 yana gwamna bai karɓi abincin da ake ware wa gwamna ba, saboda talakawa sun jigata. Haka Fitowa 18:21, inda Yetro, surukin Musa, ya ce wa Musa ya naɗa masu tsoron Allah, masu ƙin cin hanci, a kan dubu, ɗari, hamsin da goma. Amos 8:5 kuwa sai ka ce a kasuwar hatsi aka rubuta shi: a rage mudu, a ƙara kuɗi, a yi algus a ma'auni.

Abin da ba na so a dogara da shi shi ne hoton aya da ake turawa a WhatsApp. Aya guda tana da daɗin turawa, amma tana yanke mahallin. Shugaban nazari ya sa a karanta sura duka da murya, kowa ya shafa wa ayoyin cin hanci launi ɗaya, na ma'auni wani launi.

Tsare-tsaren karatu galibinsu da Turanci suke, don haka gara ku tsara naku na mako huɗu. Sauraron karatu da murya kuma yana cin data sosai.